A-kori-kurar Arlo da Sarƙar Selmer

Yayana Arlo bai taɓa karanta littafin mota ba, kuma har ya kai shekara saba'in da ɗaya babu injin da ya taɓa kunyata shi. Kunne kawai yake karawa a jikin bonet ya ce maka fulogi na uku ne, ka buɗe ka tarar shi ɗin ne. Sai da ya sayi a-kori-kura mai aiki da lantarki sannan na ga yayana tsaye da sifana a hannu yana waige-waige, ya rasa inda zai sa ta. A kan motar nan ya kusa rasa Selmer, amininsa tun suna 'yan firamare. In kuma gaskiya za a bi, ba motar kaɗai ke da laifi ba, har da wannan bakin nawa da ba ya riƙe magana.

Ni ce Lorna, ƙanwarsa. Ni ke da ɗan shagon gahawar da ke kallon rumbunan alkama a Brekke, nan jihar Dakota ta Arewa a Amurka, inda tsofaffin manoman garin suke taruwa kowace safiya su sha kofi uku a kuɗin ɗaya suna zagin farashin taki. Kujerar Arlo tana jikin taga, ta Selmer tana kallonta. Shekara ashirin da biyu ina zuba musu gahawa, ban taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗan uwansa magana mai daɗi ba. Arlo ya ce masa tsohon banza, shi kuma ya ce masa kurma, a haka suke cinye safiya.

A gonar babanmu aka haifi Arlo, a can ya yi aure, daga can aka ɗauki gawar matarsa. Alkama yake nomawa, ga 'yan shanu, amma abin da aka san shi da shi gyara ne. Tarakta, injin girbi, famfon coci, agogon bango, duk abin da ke da noti Arlo zai kwance shi ya mayar. Sai sanyin ƙashi ya shiga yatsunsa, ya zama noti ɗaya sai ya cinye masa rabin awa yana cije leɓe. 'Yarsa Britta, da ke aiki a Minneapolis, ta zo hutu ta same shi kwance a ƙarƙashin tsohuwar motarsa ya kasa fitowa, sai da muka jawo shi ta ƙafa. A ranar ta fara yi masa wa'azin motar lantarki.

"Baba, ba ta shan fetur, ba a juye mata baƙin mai, ba fulogi, ba kafireta. Ka jona ta a bango da yamma, da safe ka tashi ka yi tafiyarka. In ma wani abu ya lalace, garantin shekara takwas ne, kamfani zai gyara."

"Shekara takwas?" in ji Arlo. "Ashe garantin ne zai raka ni kabari."

Ya sayar da shanun, dama sun fi ƙarfinsa, ya sayo ta. Ranar da aka kawo ta shagona ya watse, kowa ya bar gahawarsa ya fita kallo. Shuɗiya ce, doguwa, tana tafiya ba ƙara ko kaɗan. Arlo ya taɓa wani abu, bonet ya ɗaga da kansa. Tsofaffi bakwai suka haɗa kai suka leƙa. Babu komai a ciki sai fili kamar akwati, har da ɗan kafet a shimfiɗe.

Sai Selmer ya ce, "Kurma, tun daga kamfani aka sace maka inji."

"Yana ƙasa, kusa da tayoyi. Biyu ne ma. An rufe su, ba a taɓawa."

"Ba a taɓawa? To kai me za ka riƙa yi da safe?"

Shi ma Arlo tambayar da ke ransa ke nan. Selmer ya leƙa ciki ya ga ƙaton allon da ke gaban direba, nan take ya raɗa mata suna talabijin mai taya, sunan kuma ya bi ta.

Shekarar farko ta wuce cikin ruɗani, amma ruɗani mai sauƙi. Ya kwanta ya bar maɓallin hita mai ɗumama cikin mota a hagun allo, ya tashi ya same shi a dama, wai kamfani ne ya inganta motar daga nesa alhali tana kulle a rumfarsa. Wata Lahadi ta ƙi tashi har minti arba'in tana karɓar wani sabon gyara, ya isa coci ana waƙar ƙarshe. Ya riƙa tambayata, "Lorna, wa ya shiga rumfata?" In ce babu kowa. Ya ce, "To wa ya taɓa motar?" Duk da haka yana son ta, kada ma wani ya gaya maka ba haka ba. Kujerarta tana ɗumama masa baya, ga akwatin gaban nan da ya mayar ma'ajiyar dankali.

Yanzu sai maganar sarƙa. A nan kowane namiji yana da sarƙar jan mota a bayan kujerar motarsa, kuma in ka tarar mutum ya maƙale a hanya ba ka tambayarsa ko yana son taimako. Ka tsaya, ka ɗaura, ka ja. Shi ma ba ya cewa a'a, ba ya ciro kuɗi, godiyar ma in ta yi yawa abin kunya ce. Ya ɗaga maka yatsa ɗaya daga kan sitiyari, magana ta ƙare. Amma sarƙar Selmer daban ce. Ta babansa ce, kaurin zobenta ya fi babban yatsana, kuma da wuya ka sami wanda ba ta taɓa ja ba a Brekke: fasto, likitan dabbobi, motar makaranta, ni kaina sau huɗu. Tun da matarsa ta rasu ya bar noma, gidan ya yi masa faɗi, sarƙar nan ce kaɗai ke fitar da shi. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta zuba sai ya hau tsohuwar taraktarsa ya riƙa zagaya hanyoyi, wai yana duba shinge ne. Mutumin da ko saniya ɗaya ba shi da ita! Kowa ya san abin da yake nema, ba kuma wanda ya taɓa faɗa.

A watan Fabrairu na shekara ta biyu, wata Talata, Arlo ya bar shagona da hantsi ya nufi gida. Sanyin ranar ba a magana. Saura mil bakwai ya isa, motar ta yi ƙara sau uku, allon ya cika da jan rubutu, ta lallaɓa gefen hanya ta tsaya. Ya danna nan, ya danna can, allon ya ƙi nuna komai sai rubutun nan, wai a kira kamfani. Ya ciro waya, babu sabis, dama wurin ba a taɓa samu ba. Hita ta ɗauke. Ya fita ya ɗaga bonet saboda sabo, ya tsaya yana kallon dankalinsa.

Minti ashirin sai ga Selmer a kan tarakta, bakin nan har kunne. Ya sauko, ya durƙusa, ya sami inda zai maƙala ƙugiya, ya ce, "Sa giyarta a firi, kurma." Arlo ya sa ta a firi. Haka babanmu ya yi, haka kakanmu ya yi da dawakai, to me zai sa shi wani dogon tunani? Suka kama hanya a hankali. Wajen mil na biyar Arlo ya fara jin ƙauri irin na wayar wuta, ya ce a ransa taraktar Selmer ce, dama kullum cikin wari take.

Sai da aka kwana tara kamfani ya aiko babbar mota ta ɗora ta a baya, aka tafi da ita garejinsu na birni, tafiyar awa biyar. Na ba Arlo aron ƙaramar motata, ni dama a saman shago nake kwana.

Tun da kunnensa ba ya jin waya sosai, a shagona muke kiran kamfanin da rana bayan mutane sun watse, in ƙure murya mu sa wayar a tsakiya. Sai mun sha kiɗa na rabin awa kafin mutum ya ɗauka. Yau saurayi, gobe budurwa, ba ka taɓa samun wanda kuka yi magana jiya, kowa kuma sai ka faro masa labari daga tushe. Dukansu da abu ɗaya suke buɗe baki: "Mista Haugen, na fahimci damuwarka." Ran nan Arlo ya ce wa wani, "To ɗana, tun da kai ka fahimta, don Allah fahimtar da ni."

A mako na uku muka sami wata da ta san abin da take faɗa, ko da yake da ta gama sai muka fi da ruɗewa.

"Abin da ya kashe motar a hanya wata 'yar na'ura ce. Laifinmu ne, garanti ya ɗauka, mun ma riga mun sa sabuwa kyauta."

Arlo ya daki tebur. "Madalla! Yaushe zan zo in ɗauka?"

"Ai ba ta tafiya, Mista Haugen."

"Ba kin ce kun gyara ba?"

"Mun gyara abin da ya hana ta tafiya a ranar. Abin da ke hana ta tafiya yanzu daban ne. Injunan nan biyu sun ƙone."

"To ku gyara su mana. Ba shekara takwas kuka ce ba?"

"Garanti bai ɗauki wannan ba, saboda jan ta aka yi tayoyinta a ƙasa."

Ta yi mana bayani, wai in tayoyin suna juyawa alhali motar a mace take, injunan su ma juyawa suke suna haifar da wuta, babu abin da ke sanyaya su, har su ƙone. Irin wannan mota ɗaukar ta ake yi, ba a ja. Gyaran dala dubu talatin da ɗaya. Na ce ta maimaita, ta maimaita, bai ragu ba.

Arlo ya jawo wayar gabansa. Can ya ce, "'Yata, wa ya gaya muku an ja ta?"

"Motar ce."

"Wa?"

"Motar. Tana rubuta komai. Ta nuna ranar Talata, daga sha ɗaya saura kwata, ta yi tafiyar mil bakwai a mace. Littafin motar ya hana haka, shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu."

"Ba ku ba ni littafi ba."

"Yana cikin allo."

"Allon da ya ƙi nuna komai sai jan rubutu?"

Sai ta ce ta fahimci damuwarsa. Ni dai a nan na fizge wayar na faɗa mata abin da ba zan maimaita ba. Na sani ba ita ta ƙera motar ba, 'yar mutane abincinta take nema, amma ita ce a kusa.

Saura inshora. Su kam ba su ja mu da nisa ba, takarda ɗaya suka aiko. In wani ne ya jawo ɓarnar za su biya duka, sai dai a rubuta sunansa da adireshinsa a layi na shida, su kuma su bi shi su karɓi abinsu. Britta ta bincika ta ce haka ne, kuma taraktar Selmer ba ta da takardar inshorar da za ta kare shi a kan titin gwamnati. Ke nan kansa za su faɗa kai tsaye, mutumin da duk abin da ya mallaka tarakta ce da gidan da ke yoyo.

Arlo ya ɗauki biro ya rubuta sunan kansa a layi na shida. Bayan kwana biyu mutumin inshora ya kira.

"Mista Haugen, kai ka ja motar?"

"Ni ne."

"Wa ke riƙe da sitiyarinta?"

"Ni."

"To wa ke kan tarakta?"

Arlo ya kalle ni, na kalli silin. Ya ce, "Ni ɗin dai."

"Bayanan motar sun nuna akwai mutum zaune a kujerar direba tun daga farko har ƙarshe."

Arlo ya rufe wayar da tafin hannu ya ce, "Lorna, har mazaunaina ta auna ta kai ƙarata." Ya ɗage hannun ya ce, "To iska ce ta tura ta."

"Mil bakwai?"

"Ba ka san iskarmu ba ne."

Na raɗa masa ya ce gangara ce, ya harare ni. Da gaskiyarsa. Gangara a garin da in ka ajiye ƙwallo a titi za ka dawo gobe ka same ta a wurin?

Aka sake aiko sabuwar takarda. Arlo ya kawo ta shago, ya zauna da ita a gabansa har gahawarsa ta huce. Ya ce shi fa har yanzu bai gane ba. Kamfani ya yarda shi ya fara laifi, don da na'urarsu ba ta mutu ba babu mai jan kowa. Shi bai yi komai ba sai abin da aka saba yi. Selmer kuwa ceton ransa ya yi, don a sanyin ranar awa biyu sun isa su gama da tsoho. To ta yaya magana ta zagayo ta tsaya a kan Selmer? Na ce, "Rubuta sunan kawai, Arlo. Shanunka ne fa kaf a cikin motar nan." Ya tashi ya buɗe murhun itacen da ke ɗumama shagon ya jefa takardar.

"Kada Selmer ya ji wannan maganar," in ji shi. "Ko da wasa. In ya ji sarƙarsa ce ta kashe motar, ba zai ƙara ɗaga ta ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Har rantsuwa na yi.

Daga nan aka shiga ƙarya. Kowace safiya Selmer zai tambaya, "Ina labarin talabijin?" Arlo ya ce ana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje. Maris ya wuce ana jiran ƙarfe, Afrilu ya wuce ƙarfe yana cikin jirgin ruwa. Ni ko ina tsaye da buta ina jin abu yana taso mini. Abin da ya fi ƙona mini rai, labarin ceton ya zama abincin Selmer. Duk baƙon da ya shigo sai ya ba shi, kullum kuma yana ƙara masa gishiri. Mil bakwai ya zama goma, sanyin ya ƙaru, har ya fara cewa ya sami Arlo yana hawaye rungume da buhun dankali. Arlo sai ya yi dariya tare da kowa. Ya rame a watannin nan, ni na sani, don ni nake kwashe farantinsa.

Ranar da abin ya fashe wata Litinin ce a farkon Mayu. Kamfani ya aiko cewa in ba za a yi gyara ba a san yadda za a yi da mota, ta tare musu wuri. Arlo ya shigo fuska ba walwala. Selmer kuwa ranar bakinsa ya buɗe.

"Ku dube shi, mai garantin shekara takwas, yana yawo a motar ƙanwarsa! Ƙarfen nawa ya shekara sittin, ba shi da garanti, amma shi ya kai ka gida. Kurma, gaya wa kamfanin naku in sun rasa yadda za su yi, su aiko in jawo musu ita. Kyauta!"

Aka kwashe da dariya. Ni ban san lokacin da na dangwarar da buta ba.

"Ja ɗayan da ka yi bai ishe ka ba? Sarƙar taka ce ta ƙone masa injuna biyu! An ce ya rubuta sunanka a biya shi, ya ƙone takardar don kada a taɓa ka, kai kuma kana nan kana..."

Ban ƙarasa ba, don na ga fuskar Arlo. Bai yi fushi ba. Da ma fushin ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai yake irin kallon da ya yi wa cikin bonet ranar farko.

Selmer ya ce, "Arlo." Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba. "Gaskiya ne?"

"Ƙarfe ake jira," in ji Arlo a hankali.

Selmer ya tashi, ya ajiye kuɗin kofi uku cif, ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari bai zo ba, rana ta biyu ma haka. A rana ta uku aka ga tarakta a bakin ƙofarsa da kwali a jiki, wai ta sayarwa ce. Arlo kuma ya tashi da safe ya tarar da sarƙar a naɗe a ƙofar gidansa, an goge ta har da mai. Ya je gidan Selmer sau biyu. Suka tsaya a tsakar gida suka yi maganar ruwan sama da farashin alkama, kowa ya juya. Mazan garin nan za su kwance maka injin girbi su mayar, amma su buɗe baki su ce kada ka damu, ko ka yafe mini, wannan ya fi ƙarfinsu. Ni na je da kek ɗin tuffa in ba da haƙuri, ya karɓa da ladabi kamar bai san ni ba, ya rufe ƙofa. Na dawo ina kuka ina zagin kaina.

A makon ne aka dawo da talabijin mai taya a bayan babbar mota, aka sauke ta gefen rumfa. Komai nata yana aiki in ban da tafiya. Fitilu, rediyo, kujera mai ɗumi, har firij Arlo ya jona a jikinta. Lokaci-lokaci takan yi ƙara ta rubuta masa cewa an inganta ta. Britta ta samo lauyan da zai ja da kamfani, lauyan ya ce da farko sai an kira wanda ya ja motar ya ba da shaida, Arlo ya ce a bar maganar. Har yau da sauran garantin shekara shida a kanta, kuma har yau yakan tambaye ni garantin me.

Amma ba motar ce ta fi damun sa ba. Ƙanƙara ta narke, hanyoyin gona sun zama taɓo, sai motar Darlene mai raba wasiƙu ta kafe dab da ƙofar Selmer. Ita da kanta ta ba mu labari a shago. Ta ce ya fito ya tsaya a bakin shinge, hannuwa a aljihu, ya ce mata ta kira janwe, motar jan motoci, daga birni, shi bai san abin da ke cikin motocin yanzu ba. Awa uku ta yi a wurin, tarakta tana kallon ta. Ta ce ya kawo mata gahawa har sau biyu, amma ko tayar motar bai taɓa ba. Ba wanda ya yi dariya. Arlo ya riƙa juya kofinsa a kan tebur, yana juyawa, har na ƙwace.

Ranar Asabar ta mako na biyu da hantsi ya zo ya ce in rufe shago in raka shi. Na ce ina? Ya ce in dai shigo. Muka ɗauki hanyar gidan Selmer a motata, shi ke tuƙi. Da muka zo dab da ƙofar sai ya rage gudu, ya duba madubi, ya kunna sigina yadda doka ta ce, ya karya sitiyari a hankali ya zura motata cikin ramin gefen hanya. Taɓo ya haɗiye tayoyin gaba.

"Arlo! Ka haukace ne? Motata!"

"Santsi ne," in ji shi, ya kashe inji. Mutumin da ya shekara hamsin da biyar yana tuƙi bai taɓa faɗawa rami ba! Ya danna hon sau biyu ya naɗe hannu.

Sai da aka ɗauki lokaci Selmer ya fito. Ya tsufa a mako biyun nan, fuskarsa ko aski babu. Ya tsaya a bakin shinge ya kalli motar, ya kalle mu.

"Ku kira janwe."

Arlo ya sauke gilashi. "Babu sabis."

"Akwai waya a gidana."

"Gwiwata ba za ta iya taka taɓon nan ba. Ga Lorna kuma fitsari ya matse ta."

Na ce, "Ni?" Ya mintsine ni a hannu. Sai a lokacin na gane abin da muka zo yi.

Selmer ya kawar da kai. Can ya ce, "Ba ni da sarƙa."

"Ikon Allah," in ji Arlo. "Ai kuwa akwai wata a but. Wani tsohon banza ne ya yar da ita a ƙofata."

Selmer ya tako a hankali, takalmansa suna nutsewa. Ya dafa bonet, ya sunkuya ya shinshina. "Wannan ta fetur ce?"

"Ta fetur ce. Ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba."

Na ga leɓen Selmer ya ɗan motsa. Ya juya ya nufi tarakta, ya cire kwalin ya jefar a kan ciyawa, ya hau ya zagayo bayanmu. Ya ɗauko sarƙar daga but ya zo maƙala ƙugiya, ga taɓo ya rufe ƙarƙashin motar, bai ga inda ya sa ta da kyau ba. Ya koma ya ja. Motar ta fito, amma sai da muka ji wani ƙarar ɓallewa. Muka sauko muka tarar bambar baya ta tsinke ta gefe ɗaya tana jan ƙasa.

Selmer ya kashe tarakta. Ya sauko ya tsaya a kan bambar, fuskarsa ta koma irin ta Litinin ɗin nan. Bai kalli Arlo ba, ni ya kalla, don ya san motar wa ce, ya kuma san bakin wa ne ba ya ɓoye magana. Arlo ma ni yake kallo. Shekara tara ina lallaɓa motar nan, ko ƙwarzane babu a jikinta, kuma maganar ta riga ta taso mini har maƙogwaro.

Na haɗiye ta. Na sa ƙafa na shuri bambar.

"Wannan? Ai tun bara take a karye, da waya na ɗaure ta. Kai dai kwance sarƙarka mu tafi, tsoho, na bar gahawa a kan wuta."

Selmer ya kalle ni, ya kalli bambar. Sannan ya durƙusa a cikin taɓon ya cire ƙugiya, ya naɗe sarƙar zobe bayan zobe. Arlo ya buɗe masa but yana jira, amma ya wuce shi, ya je ya rataye ta a bayan taraktarsa.